Me layi yake yi a jikin zane?

Duk yaron da ya zauna a ajin zane na ƙaramar sakandare, a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko Yawuri, ya haddace jerin nan: layi tsayayye, layi kwantacce, karkatacce, lanƙwasasshe, da mai haƙoran zarto. Malam ya rubuta a allo cewa tsayayye na nuna ƙarfi, kwantacce na nuna natsuwa, karkatacce kuma motsi. Yaro ya kwafe, ya zuba a takardar jarrabawa, ya samu makinsa. Amma ka miƙa masa fensir ka ce ya zana maka tulu, sai ya yi ƙwallo biyu, babba da ƙarami, ya ɗora wannan a kan wancan ya miƙo maka. Jerin da ya haddace bai tsinana masa komai ba.

Ba wai jerin ƙarya ba ne. Matsalarsa ita ce yana raɗa wa layi suna, ba ya faɗin aikinsa. Shi kuwa mai zane, na takarda ne ko na riga ko na bango, ba ya tsayawa tambayar sunan layin da zai ja. Abin da ke gabansa shi ne me yake son layin ya yi masa, da me zai ja shi, kuma a jikin me. A ƙasar Kabi masu wannan sani suna da yawa, sai dai ba a ce musu masu fasaha. Maɗinka ake ce musu, da magina, da wanzamai, da malaman allo.

Abu na farko da ya kamata a warware shi ne, babu layi a jikin halitta. Ɗaga hannunka ka duba. Babu wani baƙin zare da ya kewaye yatsunka. Akwai inda fata ta ƙare, bangon da ke bayanta ya fara, shi ke nan. Idan mai zane ya ja layi ya ce ga hannu, hukunci ya yanke: nan ciki ne, can waje. To me ya sa ido ke karɓar wannan hukunci ba gardama? A 1959 wasu masana biyu da ke aiki a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, suka buga sakamakon binciken da suka yi a ƙwaƙwalwar kyanwa. Sun gano cewa a sashen da ke kula da gani akwai ƙwayoyin da ba su cika kula ɗigon haske ba, amma da zarar gefen wani abu ya gitta a wata karkata ta musamman sai su farka. Wata ƙwayar gefen tsaye take jira, wata na kwance, wata kuma wanda ya ɗan jirkice. Wannan aiki ne ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1981. Ke nan tun kafin mutum ya san me yake kallo, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta fara tsintar gefuna. Mai zane yanke yake yi: ya miƙa wa ido gefen kai tsaye, ya bar sauran. Shi ya sa ja biyar ko shida kan isa kowa ya ce wannan raƙumi ne, alhali ba gashi, ba launi, ba ido.

Ɗan Adam ya daɗe da gano wannan. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an tono wani ɗan guntun dutse mai layuka ja da suka gicciye juna, shida ta nan, uku ta can, an ja su da jan dutse mai ba da launi. Masu binciken da suka bayyana shi a 2018 sun ƙiyasta shekarunsa kusan 73,000. Kusa da mu kuma, a Dabous da ke arewacin Agadas a Jamhuriyar Nijar, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita biyar. Abin lura a wurin shi ne layi iri biyu aka yi aiki da su. Akwai wanda ya kewaye dabbar ya fitar da surarta da rodi-rodin jikinta. Akwai kuma wani da ya taso daga bakin kowane raƙumi ya gangara ya sauka a kan wani ɗan ƙaramin mutum. Na farkon yana cewa ga abin da na gani. Na biyun ba hoton komai ba ne da muka tabbatar, haɗa abu biyu yake yi, ya tilasta wa ido ya bi shi daga sama zuwa ƙasa.

Layin kewaye shi ne wanda kowa ya fara iyawa, kuma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan danna fensir da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, ya rufe zanen ruf, sai abin ya fito a shimfiɗe, ba nauyi. Gwani yakan kaurara layin a inda abu ya zauna a ƙasa ko inda inuwa ta taru, ya sirantar da shi a ɓangaren da haske ke bugawa, wani lokacin ma ya ɗaga hannu gaba ɗaya ya bar giɓi. Ido ne zai cike giɓin da kansa, kuma mai kallo ya fi jin daɗin zanen da ya bar masa ɗan aiki.

Layi kuma yana iya yin inuwa ba tare da an shafa baƙi ba. Wanda ke son ganin haka ba sai ya je ko'ina ba, ya laluba aljihunsa. Ɗauki takardar naira 200 ka kawo fuskar Sardauna kusa da idonka, ko ka haska ta da kyamarar waya ka zuƙo. Za ka ga babu wurin da aka shafe da tawada. Fuskar duka siraran layuka ce da 'yan ɗigo-ɗigo. A goshi da kan hanci, inda haske yake, layukan sun yi nesa da juna kuma sun sirance. A ƙarƙashin haɓa da cikin naɗin rawani sun matsu, wasu sun gicciye wasu, wurin ya yi duhu. Sannan ba miƙaƙƙu ba ne, suna bin tudun kunci su lanƙwasa kamar yadda kunyoyin gona ke bin jikin tudu, kuma wannan lanƙwasar ce ke gaya wa ido cewa kuncin a cike yake. Tawada ɗaya ce, tazara ce kawai ta canza.

Mai zanen ƙwarya ya san wannan lissafi sarai. Duba ƙoren da matan Fulani ke kawo nono da su kasuwar Jega. Wasu an zana su da wuƙar da aka gasa a wuta, inda bakin wuƙar ya bi sai ya bar baƙin sawu. Wasu kuma an karce su ne aka cusa alli ko baƙin tukunya a cikin karcen. Inda mai zanen ke son wuri ya yi duhu sai ya jera layuka kusa-kusa, inda yake son ido ya huta sai ya bar fatar ƙwaryar yadda Allah ya yi ta. Kuma da yake ƙwarya a kewaye take, layin da ya ja dole ya zagayo ya tarar da mafarinsa. In lissafi ya kuskure, a mahaɗar ake kama shi.

Akwai kuma layin da ke ƙirƙiro nisa a kan takardar da ba ta da zurfi. Tsaya a gefen titin Argungu zuwa Birnin Kebbi ka miƙa ido, za ka ga gefunan titin biyu suna matsowa har su haɗe can a ƙarshen gani, turakun lantarki suna gajarta ɗaya bayan ɗaya. Ka san titin bai tsuke ba, amma haka ido ke gani. Wani magini a birnin Fulorans na Italiya, Filippo Brunelleschi, shi ne ya nuna yadda za a mayar da wannan lissafi a wajajen 1420, sannan Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar a 1435: duk layukan da ke tafiya nesa a jere su nufi ɗigo ɗaya da ke daidai tsayin idon mai kallo. Ƙarnoni da dama zanen Turai ya zauna a kan wannan ƙa'ida. Dabara ce mai kyau, kuma duk mai son zana gini ko titi ya koye ta. Amma kada a ɗauka ita ce ma'aunin iya zane. Amsa ce ga buƙata guda, wato a sa takarda ta zama taga da ake leƙen duniya ta cikinta. Masu sana'armu ba wannan buƙatar ce ta dame su ba.

Kafin mu zo gare su, ga wani layin da ba a ja shi da komai. Ranar babban su a bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da duniya ta gada a 2016, dubban masunta kan jeru nesa kaɗan da kogin Matan Fada, kowa da gora da homa, suna jiran a ba da alama. Babu wanda ya shata komai a sararin sama, amma kawunan nan da suka jeru layi ne, kuma ido na bin sa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da an ba da alama jerin ya watse, jikkuna su karkata gaba, bakunan homa su ɗaga sama, sai hoton ya cika da layuka masu jirkice da suka nufi ruwa. Mai ɗaukar hoto da ya san aikinsa waɗannan yake farauta. Haka inda mutum ya zuba ido a cikin hoto, ko inda ya nuna da yatsa, duk layi ne, domin mai kallo sai ya bi ya ga me ake kallo. Masu ɗaukar hoton biki da waya su lura da wannan: in amarya na kallon hagu kuma ka manna ta a gefen hagu na hoton, ka jefar da idon mai kallo waje.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya, wato babbar riga. Malamai da yawa sun yi hani da surar abu mai rai, saboda haka basirar da a wasu ƙasashe ta tafi ga zanen fuskoki, a nan ta kwarara cikin rubutu, ɗinki, gini da aikin fata. A waɗannan sana'o'i aikin layi ba kwaikwayon abin da ido ya gani ba ne. Aikinsa ya raba fili, ya ba kowane ɓangare nauyinsa, ya kuma ja ido ya zagaya. Kuma Gwandu na da hannu a tarihin rigar nan, domin Bida da Ilori, garuruwan da suka yi suna a saƙa da aikin riga, a ƙarƙashin Gwandu suke a tsarin daular Usmaniyya, riga kuma na cikin manyan kyaututtukan da ke yawo tsakanin fadoji.

Shimfiɗa riga mai aska takwas a tabarma ka tsaya a kanta. Abin da za ka fara gani shi ne ba a raba aikin daidai ba. Nauyinsa ya taru a hagun mai sawa, wajen aljihu, inda asake suka zubo ƙasa, dogaye masu tsini. A dama kuma sai tambari, layi ɗaya da ya nannaɗe kansa daga tsakiya zuwa waje. Wanda ya saba da cewa kyau shi ne dama ta yi daidai da hagu zai ce an yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Asake na jan ido ƙasa da sauri, tambari na riƙe shi yana juya shi a wuri ɗaya, sai su biyun su yi wa juna birki. Sannan ga wani layi mai faɗi da ya taso daga wajen aljihu ya haura kafaɗa ya faɗa baya, inda wani tambarin ke jira. Wannan na nuna mai zanen bai ɗauki rigar a matsayin shafi ba. Ya san jiki za ta hau, za a naɗe hannuwanta a kafaɗa, za a gan ta ta gaba a gan ta ta baya. A tsakankanin waɗannan manya akwai gidan biyar da dagi. Dagi layi ne da ke hawa kan kansa ya nutse ƙarƙashin kansa, bi da bi, ba ka ganin mafarinsa balle ƙarshensa. In aka yi hawa biyu a jere ba nutsewa, ƙullin ya kwance a ido ko da mai kallo bai san dalili ba. Shi ne tambarin da gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa a zamanin Sardauna, har yau kuma ana ganinsa a ƙofofi da bangaye.

Mutane da yawa ba su san cewa mai ɗinkin ba lallai shi ne mai zanen ba. A al'ada akwai mai zane daban, sau da yawa malami ne da hannunsa ya faɗa da alƙalami, shi ke shata aikin a jikin yadi da tawada, sannan maɗinka su bi da allura. Na ga wani dattijo a wata rumfa a Gwandu yana koya wa yaronsa zanen aska a bayan takardar siminti. Yaron ya ja gefe ɗaya, ya ja ɗayan, suka haɗu a tsini. A idona ba laifi. Ya ɗago ya ce, "Malam, in ɗauko rula?" Dattijon bai ko kalle shi ba, ya ce, "Rula ta mi? Wagga aska ta yi ciki, ba ta yanka komi. Kai ɗan nan, hannunka kaka kallo. Kalli inda za ka." Ya karɓi alƙalamin, ya ɗiga ɗigo ɗaya a ƙasan takardar, ya kafa ido a kan ɗigon, ya ja daga sama a numfashi ɗaya. Da ka jera biyun sai ka ga abin da yake nufi. Na yaron ya ɗan kumbura a tsakiya, daidai inda ya yi jinkiri yana shawara. Na malamin ma ba miƙaƙƙe ba ne sak, ya ɗan shigo ciki kafin ya kai tsini, kuma wannan 'yar shigowar ce ta sa askar ta yi kaifi.

A Italiya a ƙarni na 16 an yi ta muhawara kan wanne ne gaba, layi ko launi. Mutanen Fulorans suka tsaya wa layi, na Banis suka tsaya wa launi. Da an nuna musu farar riga mai aikin farin zare, da sun ga wata amsar. Babu launi na biyu a jikinta ko kaɗan, amma daga nesa kana ganin kowace aska, saboda zaren ya ɗan taso sama da yadin, haske na bugun gefe ɗaya, ɗayan na yin inuwa. Haka magini ke yi da makuba a jikin bango: ya shafa ta tana ɗanya, ya ja yatsunsa a kai baka-baka, kowane ja ya bar sawu a jere. Da tsakar rana bangon kan yi shiru, da la'asar in rana ta karkata sai zanen ya tashi.

Wannan ya kawo mu ga abin da littafin makaranta ya fi tsallakewa, wato kayan aiki. Layin fensir daban, na alƙalami daban, na allura daban, kuma kowanne da abin da yake yarda da shi. Rubutu ne ya fi nuna haka. A Bagadaza, waziri Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940, ya kafa wa haruffa ma'auni: ana auna tsawon alif da ɗigon da bakin alƙalami ke yi, sauran haruffa kuma a auna su da alif da da'irar da ya tsaga. Alƙalamin gabas ana fere bakinsa a karkace, shi ya sa layinsu ke kauri ya sirance a cikin harafi ɗaya. Rubutun da muka gada ta hanyar Magrib, wato yammacin ƙasashen Larabawa, ba haka yake ba. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya lura cewa mutanen yamma kan koyi rubutu ne ta kwaikwayon kalma sukutum, ba harafi-harafi da ma'auni ba. Buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ko bugun Warshu da ke kwaikwayonsa. Layin mai kauri ne, ya zauna daram, wutsiyar nun da ya na zurfafa ƙasa su yi kwano. Fa na da ɗigo a ƙasa, ƙaf na da ɗaya a sama. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya, saboda ido ya rarrabe ƙashin kalma da abin da aka ɗora masa. Ɗan makarantar allo ma tun a babbaƙu da motsin hannu yake sanin harafi: lam jaye, ba guje, jim saɓe. In ya kai sauka kuma aka yi masa allon zayyana, a nan za ka ga layi ya bar aikin harafi ya koma ado zalla, murabba'i cikin murabba'i, da'ira a kan da'ira.

Mai lalle tana da hanya biyu, kuma kishiyoyin juna ne. A baƙin zane na zamani da ake matsowa daga ƙullin leda, layin shi ne abin da ta zuba, siriri, kuma in hannunta ya tsaya sai ya yi gudaji. A jan lalle na salatif kuwa, tana manna salatif ne ta shafe sauran, in an ɓare sai layin ya zama wurin da lalle bai taɓa ba. A ƙasar Zuru, tukwanen da matan Dakarkari ke ginawa don kafawa a kan kaburbura, ana tsaga musu layi tun yumɓu na ɗanye, wuta ta gasa shi ya zauna. Sai kuma layin da ba shi da gyara ko kaɗan, na askar wanzami. Zuben Kabawa, na Zamfarawa, na Gobirawa mai shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, duk sun taso daga gefen kai sun gangaro sun tattaru wajen baki, suna bin ginin fuska. Mutumin da ya san su yakan karanta asalin baƙo tun kafin a gama gaisawa. Al'adar na ja da baya, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana yi wa yaro tsaga, kuma ba na cikin masu kukan a dawo da ita. Amma in ana maganar layin da ke ɗauke da saƙo, babu misalin da ya fi wannan kusa da mu.

Batun saƙon nan ne ake yawan zuzutawa. Cewa kwantaccen layi natsuwa ne, tsayayye ƙarfi, yana da tushe a jikin mutum: mai barci a kwance yake, mai lafiya a tsaye, wanda ya karkata kuwa ko gudu yake ko faɗuwa zai yi. Malaman makarantar zane ta Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 sun zurfafa a wannan. Wassily Kandinsky, a littafin da ya fitar a 1926, har cewa ya yi kwantaccen layi sanyi gare shi, tsayayye kuma ɗumi. Ra'ayin gwani ne, ya cancanci a saurara, amma ba doka ba ce. Ana cewa layi mai haƙoran zarto na nuna tashin hankali. To ga shi nan birjik a tabarmar kaba da faifai da gefen hula, ba wanda ya taɓa kallon faifai gabansa ya faɗi. Maimaituwa ce ta kwantar da shi. Layi ɗaya mai tsini a tsakiyar farin fili yana tsorata ido, guda hamsin a jere kiɗa suke zama. Ma'anar layi na fitowa ne daga maƙwabtansa da kuma abin da mai kallo ya saba gani.

Masu zanen zamani na Nijeriya sun gane da wuri cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a koyi dabarun Turai amma a gina a kan abin gida. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya ɗauko siririn layinsa ya mai da shi harshen zanensa. A Sudan, Ibrahim El-Salahi ya yi makamancin haka da haruffan Larabci. Matashin Kabi da ke son zane yana da irin wannan taska, a rumfar maɗinka, a makarantar allo, da gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka buɗe wa masu ziyara a 1958. Kwafar dagi a manna a kusurwar zane ba shi ne amfani da taskar ba. Amfani da ita shi ne a gane me ya sa aska ke son tambari a gefenta.

Abin da ya canza sana'ar a 'yan shekarun nan shi ne injin surfani na kwamfuta. Ya sauƙaƙa aiki, ya sa talaka ma na sa riga mai aiki da sallah, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai injin ba ya zane, abin da aka loda masa yake bi. Layinsa ba ya jinkiri, ba ya sauri. Da yawa cikin zanukan da ake lodawa kuma kwafi ne na kwafi, an ɗauko daga wata rigar an matse ko an buɗa don ya dace da faɗin firam ɗin injin. A haka asake ke gajarta su yi ƙiba, tambari ya ƙanƙance ya koma ado a gefe, dagi ya rasa hawa da nutsewarsa ya zama layuka da suka gicciye kawai. Laifin ba na injin ba ne. In wanda ya iya shata riga da alƙalami ne ya zauna da mai kwamfutar, injin zai bi kyakkyawan layi yadda yake bin mummuna.

Mai sayen riga na iya gane bambancin da kansa. Ya duba tsinin aska, ya ga ko ta sirance a hankali har ta ƙare ko kuwa an datse ta. Ya ɗora yatsa a kan dagi ya bi zare ɗaya, ya ga ko yana hawa yana nutsewa bi da bi har ya dawo. Sannan ya juya rigar ta ciki: aikin inji yakan bar siririn zaren ƙasa a jere ras, sau da yawa da ragowar farar takardar da aka tallafe yadin da ita, aikin hannu kuwa za ka ga inda aka ƙulla zare da inda wani sabon ya kama.